Waya, takarda, hirar fada ko mujallar gwaji: ta wace hanya za ku san masu karanta mujallar ɗalibai?

Kwamitin ɗaliban da ya zauna zai kafa mujalla, a jami'ar Abdou Moumouni ne ko a wani lise na cikin Yamai, gardamarsa ta farko a kan suna take, ta biyu a kan wa zai zama shugaba. Maganar wa zai karanta, da wane harshe, a takarda ko a waya, da nawa zai iya cirowa daga aljihunsa, ba ta tasowa sai an kusa kai aiki wurin bugu, lokacin kuɗin karo-karo ya riga ya yi nisa. Ranar da ta taso kuwa ba a rasa mai cewa: "Ai abu ne mai sauƙi, a jefa tambaya a gurup." Shi ke nan, wai an gama bincike.

Hanyoyin da ƙaramin kwamiti marar kuɗi zai iya bi huɗu ne: tambaya ta waya, takardar tambayoyi a cikin aji, hira baki da baki, sai fitar da mujallar gwaji a sayar. Ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Kowace akwai mutanen da take gani da waɗanda take tsallakewa, kuma ukun farko duk abin da mutum ya faɗa suke kawo muku, ta huɗun ce kawai ke nuna abin da ya aikata. Tsakanin faɗa da aikatawa kuwa, a wurinmu da kara ta yi yawa, akwai tafiya.

Kafin zaɓen hanya, ku ɗauki kaye, wato littafin rubutu, ku rubuta shawarwarin da amsar mutane za ta iya sauyawa. Yawanci ba su wuce harshe, farashi, takarda ko waya, sau nawa a shekara, da abin da zai ci shafuka mafi yawa. Tambayar da ko an ce e ko an ce a'a ba abin da za ku canza, ku soke ta. "Kana ganin karatu na da muhimmanci?" Wa zai ce a'a a harabar jami'a?

Tambaya ta waya ita ce mafi arha da sauri, shi ya sa kowa ke fara tunaninta. WhatsApp ya shigo da ƙuri'a cikin gurup a ƙarshen 2022, ana iya jera zaɓi har 12, kafin a gama shayi na biyu amsoshi sun fara shigowa. Sai dai ƙuri'ar gurup ba ta sirri ba ce. Kowa na iya latsawa ya ga wa ya zaɓi me. In delege, wato wakilin aji, ko wani kamarad mai faɗa a ji ya riga ya zaɓi "siyasa", na bayansa da yawa can za su bi, mai son shafin soyayya ko na kokowa sai ya yi shiru don kada a yi masa dariya. Ga zaɓen suna cikin sunaye uku, ko launin bango, ko ranar taro, ƙuri'ar gurup ta isa. Abin da ya wuce haka ba aikinta ba ne.

Google Forms ya fi ta: ana cika shi ba suna, yana ɗaukar tambayoyi da yawa, ya tattara amsoshi ya zana muku lissafi da kansa. Amma sai mai intanet a lokacin, sai wanda ya yarda ya ƙona ƴan megansa don fom ɗin da bai san ribarsa ba. Ƙarshen wata, ko lokacin da bursi, kuɗin tallafin ɗalibai, ta yi jinkiri, waɗanda forfe ɗinsu na intanet ke raye ba su ne yawancin ɗalibai ba. In kuma kuna son hana mutum ɗaya cikawa sau biyar, sai kun tilasta shiga da adireshin Google, nan ma wasu su juya. Babban aibin dai ba na na'ura ba ne. Fom ɗin ta hannunku zai bazu, ku tura wa abokanku, su tura wa nasu. In kwamitin ƴan tsangayar adabi ne, kamar yadda aka fi samu, amsoshin za su cika da masu son waƙe da gajerun labarai. Ɗan likitanci da ke wuni a asibitin Lamorde da ɗan aikin gona da ke can filin gwaji ba su ma ji ana yi ba.

Kada yawan amsa ya ruɗe ku. Sanannen misali a tarihin wannan sana'a, mujalla ce ma ya faɗa wa. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika katin tambaya wajen miliyan 10 a kan zaɓen shugaban ƙasa, sama da miliyan 2 suka dawo. Ta buga cewa ɗan takara Landon zai kayar da shugaba Roosevelt da kusan kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta aika wa daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota da jerin masu sayenta ta kwaso su, a lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu, kuma cikin waɗannan ma masu haushin gwamnati suka fi ɗokin maido da kati. George Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai in an gwada da nata, amma ya kula da irin waɗanda yake tambaya, ya faɗi daidai wanda zai ci. Mujallar ba ta wuce 1938 ba. Masu tarho da mota na 1936 su ne masu forfe na yau.

Takardar tambayoyi a cikin aji tsohuwar hanya ce, mai gajiyarwa, kuma ita ce na fi yarda da ita in ana neman lissafi. Dalili ɗaya ne: ku ke zaɓen wanda za a tambaya, ba shi ke zaɓen kansa ba. Mai sayen gero a kasuwar Katako ba ya tsayawa ga na saman buhu, hannu yake cusawa can ciki ya ɗebo. Ku jera tsangayoyi, adabi, kimiyya, shari'a, tattalin arziki, likitanci, aikin gona, da makarantar horon malamai, ku ɗauki aji ɗaya na ƴan shekarar farko da ɗaya na manya a kowace. A ƙaramin aji kowa ya cika. A babban amfi, ɗakin lacca da ke ɗaukar ɗaruruwa, ku bi layi-layi kuna ba kowane mutum na biyar, har can baya inda ƴan hira ke zama. Ku roƙi malam minti goma a farkon darasi. A ƙarshen darasi kowa hankalinsa na resto ko na bas.

Mutum nawa? Ƙungiyar Afrobarometer mai binciken ra'ayin jama'a a Afirka, wadda cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai ke gudanar mata da aiki a Nijar, mutum 1,200 take tambaya ta faɗi ra'ayin ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 20, da kuskuren da bai wuce kashi 3 sama ko ƙasa ba. Ku ba ku buƙatar haka. In an zaɓi mutanen ba son rai, 100 na ba da kuskuren kashi 10, 400 na ba da kashi 5, wato in kana son rage kuskure rabi sai ka ninka mutane sau huɗu. Abin da wannan ke nufi a aikace: kun tambayi 100, 55 suka ce takarda, 45 suka ce waya, to ba ku san wanda ya rinjaya ba, kunnen doki ne. In 80 ne da 20, magana ta ƙare. Tsakanin 250 da 300 ya ishi mujallar ɗalibai. Amma ku yi hattara da yanka wannan adadi gunduwa-gunduwa. In kun raba 300 ga tsangaya shida, kowace ta tashi da 50, kuskure ya haura zuwa kashi 14, don haka kada ku buga cewa "ƴan kimiyya sun fi ƴan shari'a son wasanni" a kan bambancin mutum huɗu.

Kuɗinta ba ya ɓoyuwa. A ce mai fotokofi na karɓar sefa 25 a kowace fuska, dala biyar ke nan. Takarda 300 gaba da baya fuska 600 ce, jika 15. In kun matse tambayoyin a fuska ɗaya, kuɗin ya dawo rabi, kuma mutane sun fi cikawa har ƙarshe. Bayan haka sai wahalar da ba a faɗa: wani ya zauna ya shigar da amsoshi ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, yana fama da rubutun hannun da ko mai shi sai ya ƙura ido. A nan kwamitoci da yawa ke mutuwa, takardu su ƙare a kwali ƙarƙashin gado a site, gidajen kwanan ɗalibai. Tun kafin rabawa ku san wa zai shigar, da ranar da zai gama.

Yadda aka rubuta tambaya ya fi yawan mutane tasiri. "Za ka sayi mujallar ɗalibai?" kowa zai ce e, musamman in mai tambaya na tsaye a kansa yana murmushi. Ku tambayi abin da ya riga ya faru: "A makon jiya, ka sayi wani abin karantawa da kuɗinka? Mene ne, nawa?" "Jiya da dare, me ka karanta a waya?" Baya ba ta ƙarya kamar gaba. Wajen farashi kuma ku rubuta shi ta fuska biyu, sefa 200 da dala arba'in, domin in aka rubuta "100" kawai, ko aka faɗa da baki aka ce "ɗari", wani sefa 100 zai ɗauka, wani dala ɗari, sefa 500, kun ga lissafi ya watse ba ku sani ba. Kada ku nemi suna ko lambar waya. Ba ku buƙatar su, suna sa mutane gyara amsa, kuma tun 2017 ƙasar nan na da dokar kare bayanan mutum da hukumar da ke kula da ita. Jinsi, tsangaya, shekarar karatu, da ko a site mutum yake kwana ko a gari, sun wadatar.

Takarda ma akwai wanda take tsallakewa: wanda bai zo aji ba. Masu koyarwa a makarantun kuɗi don rufa wa kai asiri, masu ƴan sana'o'i a gari, matan aure masu goyo, ba kullum suke amfi ba. In mujallarku na son su, sai kun bi su ta wata hanya.

Akwai tsaka-tsaki tsakanin waya da takarda, wato KoboToolbox, tsarin tattara amsoshi ta waya, wanda ƙungiyoyin agaji ke yawan aiki da shi. Ana shirya tambayoyin sau ɗaya, har da harsuna daban-daban, a sauke su a wayar masu tambaya, su zaga ba tare da intanet ba, in sun samu layi su tura. Ba fotokofi, ba shigar da amsa. In cikinku akwai ɗan ilimin zamantakewa ko labarin ƙasa da ya taɓa yin aikin ƙidaya, ya san shi. Raunin shi ne ɗaya bayan ɗaya ake tambaya, ido cikin ido, kara ta dawo, kuma abin da takarda ke gamawa cikin minti goma a amfi ɗaya, nan sai an yi kwanaki.

Hira kuwa wata duniya ce dabam. Ba ta ba da kashi kaza cikin ɗari, duk wanda ya ce "yawancin ɗalibai" bayan ya zauna da mutum takwas ya yi ƙarya. Amfaninta shi ne ta kawo abin da ba ku san za ku tambaya ba. Takardar tambayoyi zaɓin da kuka rubuta kawai take maido muku: kun sa siyasa, adabi, wasanni, addini, to cikin waɗannan za a zaɓa, ko da abin da ke cin ran mutane bai shiga jerin ba. Masu binciken LASDEL, cibiyar da aka kafa a 2001, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sunansu ya fito ne ta wannan hanya ta zama da mutane da sauraro da lura, ba ta rabon takardu ba. Ba sai kun kai su ba, amma darasin a bakin ƙofarku yake.

Mu kuwa Allah ya hutar da mu neman ɗakin taro, ga fada. Da la'asar sakaliya a bayan site, an ɗora buta a kan gawayi, mutum shida ko takwas a kan benci. Ka kawo ganyen shayi da sukari, ka zauna. Kada ka fara da mujalla.

"Kamarad, jiya me ka karanta kafin ka kwanta?"

"Labaran ƙasa mana, da polikofin darasi."

"Don Allah buɗe wayar mu gani, abin da aka turo maka na ƙarshe da ka buɗe."

Sai a yi dariya, ya buɗe. Ga hoton wata sanarwa da aka ɗauka a karkace daga allon tsangaya, ga takardar gasar ɗaukar ma'aikata da aka tura ta hannu biyar har rubutun ya dushe, ga bidiyon karon ɗan kokowa Issaka Issaka, ga muryar wani malami ta minti bakwai. Na kusa da shi ya ce shi ma wannan sanarwar yake nema tun shekaranjiya, wani ya ce ai an ɗage ranar, gardama ta kaure. Kai dai ka rubuta. Cikin rabin awa ka gane cewa shafi ɗaya mai ɗauke da ranakun rajista, gasa, bursin ƙasashen waje da takardun da ake nema, wanda aka tabbatar da shi daga ofis, zai iya sayar da mujallar fiye da doguwar maƙalar da shugaban kwamiti ya kwana uku yana rubutawa. Wannan ba zai taɓa fitowa daga fom ba, domin ba wanda ya yi tunanin sa shi cikin zaɓi.

Fada dai ta maza ce, kuma a kowace fada akwai mai bakin da ke cinye hira. Shi sai ka iya da shi: "Yaya, mun ji naka, bari mu ji na ƙanen nan da bai ce komai ba." Ƴan shekarar farko ba sa musu da manya a bainar jama'a, gara a zauna da su su kaɗai. Mata kuma mace ce za ta zauna da su, a ɗakinsu ko inda suka zaɓa. Maganar kuɗin taksi daga Harobanda, inda jami'ar take, zuwa unguwannin ƙetaren gada bayan darasin yamma, da haɗa aure da karatu, da abubuwan da ba a faɗa gaban maza, a can suke fitowa. Zama huɗu zuwa shida da mutane iri daban-daban ya isa. In kun ga zama na gaba maimaita na baya yake yi, ku tsaya.

Inda hanyoyin nan suka fi saɓa wa juna shi ne maganar harshe, kuma nan ne kuskure ya fi tsada. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, tambayar "da wane harshe kake son mujallar?" ta daina zama tambayar karatu kawai. Wani zai amsa da kishi, wani da ɓacin rai, domin Yamai gari ne da Zabarmanci ke da ƙarfi, jami'a kuma ta tara ƴaƴan Fulani, Abzinawa, Barebari, Tubawa, Gurmawa da Larabawa. A ƙuri'ar gurup, inda kowa ke ganin zaɓin kowa, wannan tambaya faɗa kawai za ta haddasa. A takarda za a amsa cikin natsuwa, amma abin da mutum ke so a ce yana so zai rubuta.

Gaskiyar da ke ƙasa ita ce jin harshe dabam, karanta shi dabam. Ko da yake an fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, yawancin waɗanda suka iso jami'a da Faransanci suka koyi karatu. Bahaushen Maraɗi ko na Tawa da Hausa ce nononsa, in zai rubuta saƙo sai ka ga "ina kouana" da "tchikin gari". Ka miƙa masa shafi cike da daidaitacciyar Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, sai ya koma karatu da ƙarfi, kalma-kalma, kafin kunnensa ya kama abin da idonsa ya gani. Wasu cikin minti biyu sun saba har su ji daɗi. Wasu sai su ajiye. Ba fom ɗin da zai gaya muku kashi nawa ne waɗannan, kashi nawa ne waɗancan. A wurin hira ake gane shi: ku buga labari ɗaya gajere da Hausa, da Zabarmanci, da Faransanci, ku baza a kan tabarma ba tare da kun ce komai ba, ku ga wanne hannu ke fara ɗauka, wanne ake kaiwa ƙarshe. Kada ku manta da waɗanda suka fito daga makarantun faranko-arab, da Larabci ko ajami ya fi musu sauƙi. Ku kuma tambayi kanku ko wani ɓangare na mujallar murya ya kamata ya zama. Studio Kalangou tun 2016 yake watsa shirye-shirye da Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, kuma ta kunne yake isa ga mutane. Labarin Hausa da aka karanta da murya mai daɗi aka tura a WhatsApp zai iya zuwa inda bugaggensa bai je ba.

Saura hanya ta huɗu, wadda ƴan jarida ke kira fitowa ta sifiri. Ku haɗa ƴar mujalla ta gaske, ƙarama, ku sayar. Takardar A4 huɗu, gaba da baya, in an naɗe su biyu sun ba da shafi 16. Da farashin da muka ɗauka a sama, fuska takwas sefa 200 ce kowane kwafi, kwafi 100 jika 20. Kusan kuɗin takardar tambayoyi ne, amma abin da yake koya muku ya fi nauyi, domin a nan mutum ba baki zai buɗe ba, aljihu zai buɗe.

Sharaɗin shi ne a sayar, kada a raba kyauta. Abin kyauta kowa na karɓa, ko don ya yi fifita da shi a zafin watan Afrilu. Kuma kada kowa ya sayar a tsangayarsa, ɗan adabi ya tafi kimiyya, ɗan shari'a ya tafi aikin gona, in ba haka ba abokai za su saya don kunya ku ɗauka kasuwa ce. Kowane mai sayarwa ya riƙe kaye: wuri, lokaci, kwafi nawa, mace ko namiji, da abin da wanda ya duba ya ajiye ya faɗa. Ku lura da shafin da ake fara buɗewa kafin a ciro kuɗi. In kuna shakkar farashi, ku sayar sefa 200 a ƙofar resto, sefa 300 a wata tsangaya mai nisa, ku gwada. Bayan mako ɗaya ku koma wurin wasu da suka saya ku ce: "Ina mujallar nan?" In ya ce tana wurin ƴan ɗakinsu, ko ƙanwarsa ta tafi da ita gida, ku tambaya hannu nawa ta bi. A site kwafi ɗaya na iya zaga ɗaki da maƙwabtansa, wanda ke nufin masu karatu sun ninka masu saye, labari mai daɗi ga marubuta, marar daɗi ga ma'aji.

Ita ma ba ta rasa aibi. Tana cin lokaci, tana buƙatar a riga an rubuta abin bugawa, kuma fitowar farko na cin albarkacin sabon abu. Ta biyu ce ke faɗin gaskiya. Ba ta kuma gaya muku dalili: kwafi 60 sun yi kwantai, farashi ne, bango ne, ko ranar ce ba kowa ke da kuɗi ba? Sai an koma hira. In kuwa ta waya kuke son gwadawa, ku sani fayil ɗin da aka tura a gurup ba ya ƙirguwa, ba za ku san mutum nawa suka buɗe ba. Ku ajiye shi a wuri ɗaya ku tura mahaɗi mai ƙirga masu latsawa, ku kuma rage nauyinsa, don mai ragowar mega goma ba zai sauke fayil mai mega ashirin ba.

In ni ke cikin kwamitin, da hira zan fara, domin ita ce za ta rubuta mini tambayoyin takarda. Sai takarda a aji, fuska ɗaya, tambaya goma zuwa sha biyu. Sai mujallar gwaji. In kuɗin bai kai a yi duka ba, takardar zan jefar in riƙe hira da gwaji, domin mujallar da za ta buga kwafi 200 ba ta cika buƙatar sanin kashi kaza cikin ɗari ba, tana buƙatar sanin me za ta sa a ciki da ko za a biya. Takarda na zama dole ne in za ku je neman tallafi wurin hukumar jami'a ko wata ƙungiya, su lissafi suke son gani a rubuce. Ƴan lise kuwa, da makarantarsu ba ta wuce aji ashirin ko talatin ba kuma kowa na zuwa kullum, takarda ta fi musu sauƙi fiye da ƴan jami'a, waya kuma ta fi yi musu ƙarya, tunda da yawa wayar ta iyaye ce ko ta yayye. In amsoshi suka yi karo, wato takarda ta ce sefa 500 ba komai amma a ƙofar resto an kasa sayar da ta 300, kayen mai sayarwa za ku bi.

Lokaci ma zaɓi ne. Makon jarrabawa ba mai sauraronku. Lokacin yajin aiki waɗanda suka rage a harabar ba su ne hoton ɗalibai ba. Cikin azumi fadar rana ta mutu, sai bayan asham. Gwajin sayarwa a makon da bursi ta faɗo zai nuna muku kasuwar da ba ta wanzu sauran wata, don haka ku raba kwafin biyu, rabi a makon kuɗi, rabi a makon babu. Kafin ku shiga kowane aji ku gaida delege, ku sanar da shugaban tsangaya da ƴan ƙungiyar ɗalibai abin da kuke yi, don takardar da ke yawo ba a san mai ita ba saurin jawo zargi gare ta.

Akwai kuma masu karatu na biyu da kwamitoci ke mantawa, masu talla. Mai fotokofin bakin jami'a, mai gyaran waya, mai sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, makarantar koyon tuƙi ko ta Ingilishi, duk ɗalibai suke nema. Su ba fom ake tura musu ba, zuwa ake yi a gaisa, bayan fitowar gwaji, da kwafi ɗaya a hannu da kayen sayarwa. Ku nuna masa kwafi nawa suka tafi, a ina, hannu nawa kowane ya bi, sannan ku tambaye shi nawa zai biya a ba shi rubu'in shafi na baya.